Faifan Nowel a Cikin Ƙaiƙayi

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau da yawa nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin karatuna bai wuce ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba in ɗauki alhakin wani. Matata ta ce in ina jiran ranar da zan daina tsoro ne, to sai dai jikokinmu su rubuta. Ga shi kuma akwai mutumin da nake nema, na gaji da tambayarsa da baki. Shi ya sa na zauna.

Sunana Ishaya. Mai wanki ne ni a asibitin mishan da ke yankinmu na Madawa. Wadda ta raine ni ita ce Inna Saratu, yayar mahaifiyata. Tun tana budurwa ta yi aiki da wata Baturiya ungozoma da ake kira Madan Doguwa. Da Madan za ta koma ƙasarsu, ta bar wa Inna garmaho, irin wanda ake murɗawa da hannu, da faya-fayai baƙaƙe masu nauyi. Yau da gobe duk suka farfashe, saura ɗaya. Shi ma gara ta cinye takardar da ke tsakiyarsa, ba wanda ya san sunan kiɗan. Mu dai muna ce masa faifan Nowel.

Sau ɗaya a shekara ake sa shi. Ranar Nowel, wato Kirsimeti, in an fito majami'a da hantsi, sai a shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itacen bedin gidan Inna, ta fito da garmaho, ta murɗa. Allurarsa ta ƙare tun ina yaro, ƙayar aduwa take fiƙewa ta sa. Kiɗan na Turawan dā ne. Goge masu yawa ke farawa, sannan muryoyin mata su ɗauka, kafin su kai ƙarshe maza sun biyo su da abin da suka faɗa, wasu matan kuma su biyo mazan. Ba mu jin harshen. Inna takan ce mala'iku ne ke rige-rigen kai wa makiyaya labari.

Tun Madan tana nan akuya ta ture teburin da garmahon ke kai, faifan ya tsage daga baki zuwa ciki. Saboda haka duk zagayen da ya yi, in ƙaya ta hau tsagar, sai ka ji ƙas. Ƙas. Ƙas. A kan wannan ƙas ɗin matan zumuntar majami'a suke tafi, masu ƙwarya su buga. Tsagar ba ta kai tsakiya ba. In ƙaya ta wuce ta, ƙas ya ɗauke, muryoyin su tsaya su kaɗai, nan ne Inna ke rangaɗa guɗa. Haka na taso na gani. Ban taɓa tunanin akwai wata hanyar jin wannan kiɗa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma in sun ji guɗar sukan ce, to, Saratu ta buɗe Nowel, a aika yara karɓar shinkafa.

Can wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙarfen da ke naɗe cikin garmahon ya tsinke. Aka kai wa mai gyaran agogo a Madawa, aka kai wa maƙeri a Bangi, ba wanda ya iya. Nowel ɗin shekarar aka zauna kan tabarmi shiru, aka ci abinci aka watse. Kafin wata Nowel ta zagayo idon Inna ya tafi, ƙafafunta suka kumbura. Wata rana bayan kaka ina yi mata tausa, ta ce, "Ishaya, ni dai in ji faifan nan sau guda bana. In Ubangiji ya kira ni, in tahi da shi cikin kunne."

Fastonmu ya yi karatu a Abijan. Ya ce ya san wani gidan rediyo na masu bi a can inda ake zuba tsofaffin faya-fayai cikin odinatar, wato kwamfuta, a fito da su a kaset da wani ɗan faifai mai ƙyalli da ake ce wa sede. Dattawa suka haɗa guzuri, suka ce ni zan kai. Fasto ya ce shekara da shekaru ina wanki ban taɓa ɓatar da ko safa ɗaya ba. Na ce masa don ba na barci ne in ban gan ta ba. Ya ce ai irin mutumin da suke so ke nan.

Inna da kanta ta shirya faifan, da lalube. Ta sa aka kawo babban kwano da ƙaiƙayin gero, ta naɗe faifan cikin tsohon ɗankwalinta, ta binne shi tsakiya, kamar yadda ake yi wa ƙwan zabo in za a kai kasuwa. Ta ɗaure bakin kwanon da zane. Ta ce, "Kar ka aza shi ƙasa inda mota ke wucewa. Kar ka ba kowa riƙo." Na ce to.

Daga Madawa zuwa Yamai a kan cinyata ya zauna. Yaron mota ya so ya jefa shi bisa rufin motar tare da buhuna, na rungume kwano na ce sai dai a jefa mu tare. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ƙwan na sayarwa ne. Na ce ba ƙwai ba ne. Ta ce to mi ne? Na ce waƙa ce. Ta matsa can gefe, ba ta sake yi mani magana ba har muka sauka. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ƙara rungume kwanon. Ina so in tona in duba, ina tsoron in tona hannuna ya danne shi.

A Wagadugu aka cuce ni. Na je tashar jirgin ƙasa, jama'a maƙil, ban san inda ake yankan tikiti ba. Wani mutum mai fara'a, da ƙaramin gicciye a wuyansa, ya ji ina tambaya da guntun Faransancina, ya kira ni ɗan'uwa cikin Ubangiji. Ya ce da wannan kwanon ba zan iya kutsawa cikin layi ba, in zauna in huta, in kawo kuɗin shi zai yanko mani. Har ya ce in kawo jakata ya ajiye mani wurin zama a cikin jirgin. Na ba shi. Ya so ya karɓi kwanon ma, na tuna maganar Inna na riƙe. Na zauna ina jira. Jirgi ya yi kuka ya tashi ina kallo. Ban yarda cewa ya gudu ba sai da masu shara suka zo suka ce in ɗaga ƙafata. Ko a lokacin ina cewa watakila wani abu ne ya same shi.

Abin da ya rage mani shi ne rigar jikina, da kardantena, wato katin shaidata, da kuɗin komawa gida da matata ta ɗinke mani a cikin ƙugun wando. Na fito bakin tasha na zauna da kwano, ina tunanin yadda zan koma in tsaya gaban Inna in ce mata a Wagadugu na tsaya.

Nan na ji wani yana ciniki da mai shayi da irin Hausar gida. Ban san lokacin da na ce masa sannu ba. Ya juyo. Dogo ne, siriri, da wushirya, kunnensa na hagu a ɗan yanke daga sama. Ya ce, "Kai kuma daga ina?" Na ce Madawa. Ya ce, "Ni Assumana, ɗan Tabotaki. Mi ya same ka kake zaune awa wanda anka yi wa rasuwa?"

Na faɗa masa duka. Ban ɓoye masa cewa ni mai bi ne ba, domin kada ya taimake ni bisa rashin sani. Ya ce, "Wa ya tambaye ka? Asibitinku anka fiɗe uwata, tana nan tana daka." Ya dubi kwanon. "Yanzu kai duk wanga hanya, waƙa ka ɗauko cikin ƙaiƙayi?" Na ce i. Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Kai dai bari! Tashi, Mai ƙwai. Albasa za mu kai Abijan, akwai wuri bisa kamyo."

Ya saya mani shayi da burodi. Na ce ban san yadda zan rama ba. Ya ce in an fitar da waƙar in ba shi ya ji abin da ya yi wa dako, shi ke nan.

Tafiya a kan buhunan albasa bisa babbar motar kaya ba ta da daɗi, amma ban taɓa jin warin gida ya yi mani daɗi kamar lokacin ba. Mu da yawa ne a sama, yawanci Adarawa 'yan cin rani, daga Buza, daga Tama, daga Keita. Duk suka kama kirana Mai ƙwai. In aka hango rami sai wani ya yi ihu, "Direba, a hankali, ƙwan Nasara za shi hwashe!" Ni kuwa ba na iya dariya. Na cire hulata na sa ƙarƙashin kwanon don ta rage girgiza. Ruwa ma kaɗan nake sha, don kada in bukaci sauka in rasa inda zan ajiye shi. Assumana ya lura. Da aka tsaya sallar azahar ya idar, ya zo ya miƙo hannu biyu. Na ce Inna ta ce kar in ba kowa. Ya ce, "Inna ta ce ka mutu da hitsari? Kawo, ni na goyi ƙannena shidda." Na ba shi. Na tafi bayan itace ina waiwaye. Da na dawo na iske shi zaune ya ɗora kwanon a cinya yana jijjiga shi a hankali yana yi masa waƙar reno, sauran suna ta dariya. Daga ranar muka riƙa karɓa-karɓa.

A iyakar Kwaddebuwa ne abin ya so ya lalace. Ma'aikatan duwan, wato kwastan, suka sauke mu da kayanmu. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da dogon ƙarfe mai tsini da suke soka wa buhuna don su ji abin da ke ciki. Ya bi layi yana soka, ya iso kaina, ya ce in kwance zanen. Na kwance. Ya ga ƙaiƙayi, ya ɗaga ƙarfen. Faransancina duk ya gudu. Abin da na iya yi kawai shi ne na shimfiɗa hannuna bisa kwanon. Tsinin ya shiga tafin hannuna na dama, kwanon ya kuɓuce daga gwiwata ya bugi ƙasa da gindi.

Suka yo kaina da faɗa. Wanda ya tare ƙarfe da hannunsa, a ganinsu, lalle abin da ya ɓoye ba ƙarami ba ne. Assumana ya shiga tsakani yana ta magana da Faransancin kasuwa, yana nuna ni yana taɓa kansa, wai ni ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi mani yawa. Ya durƙusa ya tona ƙaiƙayin da yatsa a hankali, ya fito da ɗankwalin, ya buɗe. Babbansu, wani mai furfura, ya zo ya duba. Ya ɗauki faifan ta gefe da yatsu, yadda Inna ke ɗauka. Ya ce babansa yana da irinsa a ƙauye. Ya tambaya kiɗan me ne, na ce na Nowel. Ya mayar da shi da kansa, ya sa aka kawo mani jan magani da bandeji, ya ce mu tafi. Faifan bai rabu biyu ba. Na gode wa Allah. Amma jini da hawaye ba su bar ni na duba shi da kyau ba.

Daga nan ƙasa ta canza. Itatuwa suka yi tsawo suka rufe sama, iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa. Hannuna yana zogi. Abincinsu na rogo bai zauna mani ba, na riƙa mafarkin furar matata da rana tsaka ina zaune. Assumana yana da tukuɗi a ƙullin leda, yakan dama mana a gwangwani ya ce, "Sha, Mai ƙwai, wanga daga hannun uwata ya hito, wadda kunka fiɗe." Na ce masa ni wanki kawai nake yi a asibitin. Ya ce ai da zanen da na wanke aka rufe ta.

A Abijan ya sauke ni gidan da Adarawa masu albasa ke kwana, ya ba ni rigarsa ɗaya, washegari ya raka ni har ƙofar gidan rediyon. Ya ce shi ba ya shiga, yana da buhuna da ke jiransa.

Wanda ke aikin faya-fayai sunansa Kwasi, ana ce masa Mushe Kwasi don girmamawa irin ta Faransanci, gajere mai tabarau, ba ya gaggawar magana. Da na kwance kwanon a kan teburinsa ƙaiƙayi ya zubo, ya kama kansa. Amma da ya ciro faifan ya juya shi, ya ce an kawo masa faya-fayai cikin akwatuna masu tsada sun iso a farfashe, wannan dabarar wa ya koya mana? Na ce haka muke kai ƙwai kasuwa. Ya share faifan da burushi mai laushi, tsagi bayan tsagi. Ya ce sau ɗaya zai sa shi, domin ba shi da tabbacin zai jure na biyu. Ya ɗora allura. Ni ban ji komai ba, abin ji yana kunnensa shi kaɗai. A gilashin odinatar na ga zane yana tafiya kamar kunyoyin gona, jefi-jefi wani dogon layi ya miƙe tsaye kamar karan da aka manta ba a sare ba. Ya nuna mani su, ya girgiza kai, ya ce in ba shi 'yan kwanaki.

Kwanakin nan na yi su ina taya Adarawa tsince ruɓaɓɓiyar albasa da hannu ɗaya. Kowace safiya sai in lissafa ko zan kai gida kafin Nowel, in sake lissafawa. Shaguna sun cika da fitilu masu launi da itatuwan roba, ni kuwa bedin gidan Inna nake gani.

Da na koma, Mushe Kwasi ya zaunar da ni tsakanin manyan lasifikoki biyu, ya kashe fanka, ya danna. Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar mutumin da ka saba gani ta bayan zana, yau an ɗage zanar. Ashe akwai wani goge mai kauri a ƙasa da ke tafiya kamar dattijo a bayan yara, ban taɓa jin sa ba. Ashe akwai kakaki. Har numfashin da matan ke ja kafin su ɗauka na ji. Mushe Kwasi ya faɗa mani sunan wanda ya tsara kiɗan, wani bawan Allah da ya mutu tun kafin kakannin kakanninmu, harshena bai iya riƙe sunan ba. Na yi hawaye. Amma ƙas babu. Ko ɗaya.

Ya ce ya na ji? Na ce ya yi kyau ƙwarai, na gode. Gaskiya na faɗa. Ya riga ya gaya mani cewa ɗaya bayan ɗaya ya bi waɗannan layukan ya cire su da hannu, har idonsa ya yi ja. Ta yaya baƙo mai rigar aro zai ce wa mutum ya mayar da dattin da ya kwana yana kwashewa? Na miƙe zan karɓi kaset in tafi.

Ya ce, "Zauna tukuna. Hannunka me yake yi?"

Na ce wane hannu?

Ya ce, "Na hagun. Tun da aka fara kake bugun gwiwarka, kuma ba tare da kiɗan kake tafiya ba. Na yi zaton ba ka iya bin kiɗa ne. Amma ba ka kuskure ko sau ɗaya, kamar agogo. Me kake bi?"

Kunya ta kama ni. Na sunkuyar da kai na ba shi labarin akuya, da tafin mata, da ƙwarya, da guɗar Inna a inda ƙas ke ɗaukewa. Na yi zaton na ɓata masa rai. Sai ya cire tabarau ya fara dariya, yana share ido. Ya ce, "Wato na kori makaɗinku." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba abin haƙuri, a aikinsu ba a zubar da ɗaukar farko, komai muninta. Ya danna wani wuri, sai ga shi. Ƙas. Ƙas. Na ji kamar na shiga ƙofar gida.

Na bi shi da hannu har muka iso inda matan ke hawa sama su kaɗai, inda Inna ke jan numfashi. Na tsayar da hannuna. Ƙas bai tsaya ba. Ya ci gaba, ya ci gaba, sai can kusa da ƙarshe ya ɗauke.

Mushe Kwasi ya ɗauko faifan ya kai shi gaban fitila. Tsohuwar tsagar ta yi baƙi da ƙura, daga ƙarshenta kuma wata sabuwa siririya ta miƙe zuwa ciki. Faɗuwar da kwanon ya yi a iyaka ce. Ya ce wannan ba wuya, in nuna masa daidai inda yake tsayawa dā, ya cire sauran, ba wanda zai sani.

Na san wurin, amma ban rantse ko zagaye ɗaya gaba ne ko ɗaya baya ba. Kuma ko na dace, zan je in zauna gaban makauniyar da ta raine ni in sa mata abin da aka gyara, in bar ta tana zaton haka faifanta yake. Na ce masa ya bar shi yadda ya iso. Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ban tabbata ba, amma ya bari. Ya yi mani kaset, fuska ɗaya wankakke, fuska ɗaya mai ƙas, ya yi guda biyu don na ce akwai wanda na yi wa alkawari. Ya haɗa mani da sede, ya ce ko ba mu da abin sa shi yanzu, mu adana, shi ba ya cinyewa kamar kaset.

Na koma gidan Adarawa da kaset ɗin Assumana, aka ce mai kamyonsu ya samu lodi zuwa wani gari a bakin teku, sun tashi da safe. Ya bar mani saƙo wurin mai shayi: a ce wa Mai ƙwai ya riƙe rigar, kuma ya sha ruwa a hanya.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta sai tunani. Faifan yana cikin ƙaiƙayinsa, kaset a ƙirjina, ni kuwa ina ta shirya yadda zan gaya wa Inna. Na isa ana jajibiri. Na same ta ta ƙara ramewa. Ta ce, "Ka zo da shi?" Na ce na zo da shi. Na buɗe baki in faɗi sauran, ta ce in je in yi wanka, ina warin albasa.

Ranar Nowel aka fito majami'a, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗauko Inna a kujera aka ajiye ta a inuwa. Fasto ya kawo rediyonsa mai kaset da sababbin batura. Ya ce a fara da wankakken, jama'a su ji yadda abin yake tun asali. Aka danna. Matan zumunta suka ɗaga hannuwa za su tafa, suka tsaya da su a sama suna duban juna. Mai ƙwarya ta buga sau biyu ta bari. Aka saurara shiru har ya ƙare.

Inna ta ce, "Wanga na da kyau. Na wa ne?"

Na ce, "Naki ne, Inna. Wanke shi anka yi."

Ta ce, "Kai da wanki! Ina nawa?"

Aka yi dariya, na juya kaset ɗin. Ƙas na farko bai gama fita ba tafi ya tashi. Ƙwarya ta ɗauka. Inna tana tafawa da 'yan hannuwanta, kanta yana kaɗawa. Ni ban tafa ba, ina jiran wurin. Da aka iso, na ga ta ja numfashi ta buɗe baki. Ƙas ya ci gaba. Ta tsaya da bakin a buɗe, ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana ganina. Matan suka ɗan rikice. Sai ta mayar da hannu ta ci gaba da tafi, suka bi ta. Can da ƙas ya ɗauke, ta saki guɗa. Ba ta da ƙarfi kamar dā, amma ta ja ta har muryoyin suka sauka. Daga bayan katanga na ji maƙwabcinmu yana cewa a aika yara.

Ta ce, "Ishaya, zo nan."

Na durƙusa gabanta. Na ce, "Inna, kwanon ya hwaɗi a hanya, tsagar ta ƙaru. An so a gyara, na hana."

Ta kama hannuna na dama tana lalube, yatsanta ya faɗa kan tabon. Ta daɗe tana shafa shi. Ta ce, "Wanga hwa?" Na ce shi ma a hanya ne. Ta ce, "To. Kai da shi duk hanya ta tsaga ku, kuma duk kun iso gida. Tashi ka maida muna shi daga farko, yanzu na san wurin."

Sau nawa aka sa shi ranar, ban ƙirga ba, sai da batura suka mutu. Bayan Nowel, in rana ta yi sanyi, takan ce in sa mata wankakken ita kaɗai a ɗaki. Ta ce haka Madan ke jin sa a garinsu, tana so ta san abin da ke sa Madan kuka in ta saurare shi. Inna ta rasu kafin ruwan farko. Har yau a gidan ana sa mai ƙas ranar Nowel, matata ce ke guɗa, a sabon wurin.

Kaset na biyu yana nan a akwatina tare da rigar. Na je kasuwar Tabotaki na tambaya, aka nuna mani Assumana har uku, ba shi a ciki. Na tambayi direbobin albasa, wani ya ce ya gan shi a Abijan, wani ya ce ya koma Kamaru. Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen Buza da Keita da masu zuwa cin rani: in kun san wani Assumana ɗan Tabotaki, dogo mai wushirya, kunnen hagu a yanke daga sama, wanda ba ya jimla biyu bai ce "kai dai bari" ba, ku sanar da ni ta hannun direbobin Madawa, ku ce a kai wa Ishaya mai wankin asibitin mishan. In yana raye, ku ce masa Mai ƙwai na riƙe da waƙar da ya yi wa reno, bai ji ta ba har yanzu. In kuwa ya riga mu gidan gaskiya, ku nuna mani ƙofar 'ya'yansa, in kai masu su ji.